Wa Zai Riƙe Igiyar Mahfuza

Gwammaja, Kano
Farkon Nuwamba

Zuwa ga taubashina Musbahu Shu'aibu, a Abu Hail.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya Suwaiba, ina gaida ƙafar nan taka da ta ƙi warkewa don taurin kai irin na mai ita. Mu nan lafiya lau, ruwa ya ɗauke, an fara shigo da sabon gero.

Kada ka ce don me ban kira ka a waya ba. Ka san kunnena ya yi nauyi tun bara, wayar ma tana hannun Murjanatu, ƙanwar Bashar, da ke zaune da ni. Ido kuwa alhamdu lillahi, in na sa tabarau ba abin da ke wuce ni. Shi ya sa na ba Sabo mai kaya wannan takarda, tunda shi kullum yana hanyar Dubai.

Maganar autata ce, Mahfuza, wadda na aurar wa Bashar, na kuma damƙa maka amanarta ranar da za su tashi. Wai za ta shiga ƙarƙashin ƙanƙara. Murjanatu ce ta faɗa min a kunne da ƙarfi, na ce ta sake, ta sake, maganar ba ta canza ba. Ni a sanina aikin jinya ya kai ta Dubai, kuma a sanina zafin garinku har takalmi yake narkarwa. Ina ta samo ƙanƙarar? A firij za ta shiga?

Kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, don haka ba roƙonka nake ba. Ka tashi daga kujerar nan da kake zama kana kallon kwantena, ka kira su, ka bincika min. Ka rubuto min dalla-dalla, ban da surutun nan naka na tsofaffin 'yan tireda.

Taka,
Wasila

*

Abu Hail, Dubai
Tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Wasila uwar auta, wadda ba ta tunawa da ni sai hankalinta ya tashi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso tana warin daddawa, don cikin ƙullin daddawa Sabo ya cusa ta. Suwaiba ta amsa. Ƙafa tana nan, mun saba da juna. Allah ya sawwaƙe miki kunne, ko da yake tun kina ji ma ban taɓa ganin kin saurari kowa ba.

Na kira su, sun zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ba firij ba ne. Abin ya fi haka rashin kan gado. Ashe auta ta daɗe tana koyon nutso a ranakun hutunta. Ana goya wa mutum tukunyar iska a baya, a sa masa bututu a baki, ya nutse cikin teku ya je ya kalli kifi. Ba kamawa zai yi ba, Wasila, kallo. Ya gama ya fito, ya wuce kanti ya sayi kifin da wani ya kama. To wannan ya daina isarta. Yanzu wai sai ta je ƙasar Finland, can ƙurewar arewa, inda tafki ke daskarewa har mutane su yi yawo a kai, a huda ƙanƙarar, ta zura ta ramin.

Na ce mata, mutanen da Allah ya jarrabta da wannan sanyi nan suke gudowa, ina ganinsu a bakin teku sun baje sun yi jajir, ke kuma kin nufi inda suka baro. Me ke ƙarƙashin?

Ta ce, "Haske, Kawu. Rana tana ratsa ƙanƙarar, ruwan ya yi garau, iskar da ka fitar ta taru a sama tana sheƙi kamar azurfa."

Na ce, "Haske ga shi nan a taga, ko takalmi ba sai kin sa ba."

Amma kin ce in bincika, na bincika. Wauta ce, sai dai wauta ce da aka yi wa tsari. Ba a yarda mutum ya tashi daga gado ya faɗa ramin ba. Sai ya ƙware a nutson ruwan ɗumi tukuna, a ba shi shaida, ya yi ta yi har jikinsa ya san aikin ba sai ya tsaya tunani ba. Sannan ya koyi sa wata riga da ruwa ba ya ratsa ta, ana sa kayan ɗumi a ciki. Ta kawo ta na gani, kamar an feɗe jaki an ɗinke. Likita ya duba zuciya da huhu da kunne. Duk ta wuce waɗannan. Abin shaƙar iska ma biyu ake ɗauka, don sanyi kan daskarar da ɗaya.

Wurin kuma ba kowane ruwa ba. Mai farawa ƙaramin tafki ake kai shi, marar zurfi, wanda ruwansa ke kwance, kusa da hanya da asibiti, kuma sai an auna kaurin ƙanƙarar a ranar. Kogi ba sa ko kallonsa, don ruwa na gudu a ƙarƙashi, ya ɗauke mutum ya raba shi da ramin. Malamarsu 'yar can ƙasar ce, a nan take aiki. Ita za ta kai su a Fabrairu, ita kuma za ta shiga ruwan tare da auta.

Kan maganar dai igiya ce. A teku in abu ya ɓaci sama za ka yi. A can sama a rufe take, ƙofa ɗaya ce, ramin da ka shigo. Don haka ana ɗaura wa mai nutso igiya a ɗamara, wani ya tsaya a bakin ramin riƙe da ita. Ba baki, ba ido, da igiyar ake magana. Ya ja ta amsa, ta ja ya amsa. Akwai jan lafiya, akwai na sakar min, akwai na jawo ni yanzu. Mai riƙon ba ya kallon gefe, ba ya ko sosa ƙeya, shi ma sai an koya masa. A gefe kuma wani na zaune cikin kayansa, da an ji shiru ya faɗa.

Duk wannan bayani surukinki na kan waya. Kin san Bashar. Ya zo Dubai dillancin kaya, ya tsinci kalmomin Larabci da ba su cika tafin hannu ba, yana barbaɗa su ko'ina kamar gishiri. Da ya ji an ce igiya sai ya ɗago.

"A ƙugunta za a ɗaura?"

Ta ce, "A ɗamara, a kan riga."

"Wa zai riƙe?"

"Wanda Malama ta sa. Akwai wani mutumin garin da ya daɗe yana yi."

"Namiji? Kalas! Wallahi ba ƙaton da zai riƙe igiyar da ke ƙugun matata ina raye. Ni zan riƙe."

Ta ce, "Yaya Bashar, ko kwamin ninkaya ba ka taɓa shiga ba."

"Shiga aka ce in yi? Riƙo ne, habibti. Tun ina yaro nake riƙe ragon layya."

Na ce, "Ragon ya tsere, ina wurin." Ya yi kamar bai ji ba.

To kin ji. Allah ya ba 'yarki gwani. Wa ya fi cancanta da igiyar mace in ba mijinta ba, balle miji irin wannan, mai natsuwa, wanda ba abin da ke ɗauke masa hankali? Ki kwanta ki yi barcinki.

Ki gaida mutanen Gwammaja. Daddawar ta yi gishiri.

Musbahu

*

Gwammaja, Kano
Disamba

Taubashi,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, kai da Hajiya Suwaiba. Ni na ɗan yi mura, ta tafi.

Na karanta takardarka, na yi hamdala. Tunda nake da kai ban taɓa jin ka yabi mutum ba, ko limamin da ya ɗaura maka aure sai da ka ce ya cika jan fatiha. Sai ga shi ka yabi Bashar. To lallai yaron ya natsu. Maganar rago kuwa yarinta ce, kai ma da aka aike ka kai nono gidan kakarka da ƙwarya kawai ka isa.

Ni dama abin da ya tsaya min shi ne ace wani bare, wanda ban san ubansa ba, ya riƙe ran 'yata a hannunsa. In ya ji sanyi ya saki fa? Wa zan kama? Miji kuwa ko don kunyar idona ba zai saki ba. Hana ta tafiyar ba zan iya ba, na san autata, amma wannan na iya.

Na sa Murjanatu ta kira min ita, na ce, "Mahfuza, ki saurara da kyau. In ba hannun mijinki ne a kan igiyar nan ba kika shiga ruwan, ban yafe ba." Ban ji abin da ta amsa ba. Murjanatu ce ta faɗa min wai ta ce to.

Ka ga an gama. Allah ya saka maka. Daddawar kuwa lafiyarta ƙalau, harshenka ne ya tsufa.

Wasila

*

Abu Hail, Dubai
Janairu

Wasila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban da lokacin tambayar murarki.

Tun muna yara muke zagin juna, sai yau kika zaɓi ki ɗauki maganata da gaske? Gatse na yi! Ko jaririn da aka haifa jiya ya karanta layin nan ya san gatse ne. Ke da kika koyar a firamare har kika yi ritaya, kika ɗauki kalmar da uwa ba ta wasa da ita kika ɗaura a wuyan yarinya. To zauna ki ji abin da na gani da idona.

Malamar tasu mace ce mai haƙuri. Da aka kai mata maganar Bashar ba ta yi gardama ba, ta ce kowa na iya riƙewa in ya koya ya kuma ci gwaji. Ta zaunar da shi ta koya masa jan igiyar, yana cewa "Yalla, yalla, na gane." Sai ta sa ranar gwaji a Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman, a wata gona mai ɗakunan baƙi da kwamin ninkaya, don ruwan can da safe a wannan wata yana da ɗan cizo. Na ja ƙafata na bi su, tunda amana ce. Aka ba ni kujera a inuwar dabino.

Ga yadda gwajin yake. Auta ta sa kayanta duka, aka rufe gilashin fuskarta da baƙin ƙyalle don kada ta ga komai, sai abin da igiya ta faɗa mata. Ta nutse, Malama na gefenta. Bashar ya tsaya a baki, ya buɗe ƙafafu kamar ɗan dambe. Da farko ba laifi. Ta ja ya amsa, ya ja ta amsa, sai dai yana waige-waige ko akwai mai ɗaukarsa hoto.

Sai ga Alhaji Zainul Abideen. Ba ki san shi ba. Babban mai kamfanin jigilar kaya ne a Deira, unguwar 'yan kasuwa, wanda Bashar ya daɗe yana bin ƙofar ofishinsa ko zai samu shiga. Ashe ya kawo iyalinsa hutun ƙarshen mako a ɗakin da ke gefe, ya jiyo Hausa, ya leƙo ya yi sallama. Ya miƙo hannu.

Wasila, surukinki ya yar da igiyar. Ba ajiyewa ba, yarwa. Ya durƙusa har ƙasa, ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, ya kai ƙirji, ya sake kamawa.

"Alhaji, barka da hutawa. Ya iyali? Ya gajiyar hanya? Ya kasuwa? Ya aka ji da kwantenar nan da ta maƙale? Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamani."

Igiyar na ƙasa tana motsi. Na ga jan lafiya, ba amsa. Na ga ta sake. Sannan na ga wanda aka ce mana shi ne jawo ni yanzu, igiyar na fizga a kan siminti kamar wutsiyar ƙadangare. Na yi ihu, "Bashar, igiya!" Na yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ya ɗago min hannu ta baya ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Shwayya, Baba," wai in ɗan dakata. Ƙarshen igiyar ya ja jiki ya faɗa ruwa.

Da yake kwami ne, ruwan iya ƙirji, auta ta miƙe tsaye kawai. Ta cire gilashin. Abin da ta fara gani bayan mijinta ne, yana tsugune yana tambayar lafiyar surukan Alhaji. Ta tsaya tana naɗe igiyar a hannunta a hankali, har ta zo ƙarshe.

Malama ta fito ta yi magana da Turanci. Auta ba ta fassara min ba, ban kuma nema ba. Shi kansa Alhaji Zainul Abideen da ya gane abin da ya faru sai da ya ce, "Subhanallahi, yaro, ai da ka bar ni na jira." Ya sulale ya koma wurin iyalinsa.

Kin san abin da Bashar ya ce min a mota? "Haba Baba, kai ma ka sani. Babban mutum ya miƙo hannu, in ba shi hannu ɗaya ina tsaye ƙerere kamar wanda bai da iyaye? Tarbiyya fa."

Na ce, "Tarbiyyarka ta yi kyau. Da a can ne, da ka samu masu gaisawa da hannu biyu har ranar sadakar bakwai."

Ya ce wai ai a can ana kafa turke a ƙanƙara a ɗaure ƙarshen igiyar, ba za ta zame ba. Gaskiya ne, ana kafawa. Amma turke ba ya amsa ja, ba ya jawo kowa, ba ya kiran mai ceto.

Yanzu ga inda muke. Malama ta ce Bashar ko kusa da igiya ba zai je ba. Ta ce in kishi ne damuwar, akwai mace a garin nasu da ta iya aikin, za ta kawo ta. Kin ji magana ta hankali. Auta ta ce, "Kawu, Umma ba mace ta ce ba. Miji ta ce." Shi kuma gogan ya shiga waya ya tono wani mutum a can ƙasar, marar shago marar suna, wanda ya ce masa kowa ma na iya riƙewa, kuma yana da wuri mai kyau a kan wani kogi. Kogi, Wasila. Koma ki karanta abin da na rubuta miki game da kogi, wannan karon da tabarau biyu.

Na ce wa auta ta faɗa miki da bakinta. Ta ce duk abin da za ta faɗa ta bakin Murjanatu zai bi, kuma ba za ta tona asirin mijinta a kunnen ƙanwarsa ba. Ke kika yi mata wannan tarbiyyar, sai ki yi alfahari.

Ki janye maganarki. Ba gatse a wannan layin, ba wasa, ba taubasantaka. Ki kira ta ki janye. Sabo zai tashi gobe.

Musbahu

*

Abu Hail, Dubai
Fabrairu

Wasila,

Sallama. Muna nan. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru, don in lalaci ne Allah ya isa.

Ban ga amsa ba. Na je Deira neman labarin Sabo, aka ce ai daga nan Sin ya wuce, wai ya ji labarin wasu fitilu. Takardata na aljihunsa tana yawon duniya. Na haƙura da mutunci na kira wayarki. Murjanatu ta ce kin tafi Gaya ta'aziyya. Na ce ta faɗa miki ki janye maganar igiya, rai ne a ciki. Ta ce, "To Baba, zan faɗa mata," da irin muryar da ake cewa to a ajiye waya a ci gaba da kallo.

Sun tashi jiya. Na raka su filin jirgi. Surukinki ya sayi wata rigar sanyi, ya shiga ciki kamar an naɗe shi da katifa, tun daga Abu Hail yake zufa. Yana ta nuna min hoton kogin nan a waya, wai dubi kyau, Baba, mashallah. Na ja auta gefe na ce, "Me za ki yi?"

Ta ce, "Kawu, ka yi min addu'a."

Na ce, "Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta gyara min hula, ta ɗauki jakarta.

Wannan takardar a hannun Hajiya Muhsinat mai abaya na ba da ita, ita ba ta san hanyar Sin ba. Suwaiba ta ce in faɗa miki tana azumin nafila. Ni ban da abin faɗa miki.

Musbahu

*

Gwammaja, Kano
Fabrairu

Musbahu,

Sallama. Jikina lafiya, sauran kada ka tambaya.

Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, ta Sabo da safe, ta Hajiya Muhsinat da azahar. Murjanatu ba ta faɗa min komai ba. Da na tsare ta sai ta ce ta ɗauka rigimar tsofaffi ce, kuma Yaya ya ce komai na tafiya daidai. Na ce ta haɗa kayanta ta je ta gaida uwarta, sai na neme ta.

Kai kuma, tsohon banza, uwa ta ce ka bincika mata ran 'yarta, sai ka zauna kana gwada iya magana? Wa ya aike ka? Za mu yi wannan daga baya.

Na sa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata Najiba, ta danna min wayarta na yi magana a ciki. Na ce, "Mahfuza, na janye. Na yafe duniya da lahira. Ki ba wadda Malamarki ta ce. Kada ki je kogi, ko da shi zai kwanta yana birgima." Najiba ta ce saƙon ya tafi amma ba a buɗe ba. Har na zauna rubuta wannan ba a buɗe ba.

Ka faɗa min ko mene ne. Kada ka yi min ado a kai.

Wasila

*

Abu Hail, Dubai
Gab da azumi

Wasila,

Wa alaikumus salam. Tana raye, tana lafiya, ta koma aiki. Ki sha ruwa ki zauna, sauran ba na gaggawa ba ne. Mu ma lafiya, Suwaiba na ta soye-soyen shirin azumi.

Sun dawo. Auta ta zo ita kaɗai ranar hutunta, ta zauna a kan dardumar nan ta falo, na ce ta ba ni tun daga farko.

Kogi dai ba ta je ba. Mutumin nan da Bashar ya tono ya zo da mota har masaukinsu, ta ce ba ta shiga. Bashar ya yi faɗa, ya yi Larabci, ya yi Turanci, ya dawo Hausa, ya ce ta kunyata shi a gaban Bature. Ta ce masa, "Umma ta ce kada in shiga sai da hannunka. Ba ta ce dole in shiga ba." Mutumin ya gaji da jira ya tafi.

Tafkin kuwa kullum tana zuwa tare da sauran ɗaliban. Ta ce ƙarami ne, itatuwa sun kewaye shi, ga hanya nan kusa. An yanka ramin da zarto mai inji, mai kusurwa uku don a ji daɗin fitowa. An share dusar ƙanƙara da shebur layi-layi daga ramin, yadda wanda ke ƙasa zai ga hasken layukan ya san hanyar gida. Matar da Malama ta yi alkawari ta zo, wata dattijuwa mai hannu kamar na maƙeri, wadda ko an yi mata magana ba ta ɗaga ido daga ruwan. Kowa ya shiga ya fito yana ihu yana dariya, leɓe ya yi shuɗi. 'Yarki, wadda ta fi su duka ƙwarewa da bakin Malamar, ita ce mai miƙa shayi da riƙe tawul. Malama ta roƙe ta, dattijuwar ma ta roƙe ta. Ta ce uwarta ta yi magana.

A ranar ƙarshe ta nemi izini, ta kwanta rub da ciki a bakin ramin, ta sa gilashin, ta tsoma fuskarta kawai. Na ce, "Kin ga hasken naki?" Ta ce, "Na ga gefensa, Kawu."

Saƙonki ya shigo wayarta suna cikin mota, a hanyar filin jirgi. Wurin tafkin ba ya kama waya sosai, lambar Najiba kuma ba ta san ta ba. Lokacin an riga an mayar da ƙanƙarar da aka yanke an toshe ramin, an kafa rassa a kewaye don kada wani ya taka. Malama ta ce kafin a sake shirya wata tafiya ƙanƙarar ta fara ruɓewa, sai baɗi, in asibiti sun ba ta hutu a lokacin, abin da ba su saba yi sau biyu ba.

Surukinki kuwa yana Deira yana ba da labari. Yana da hoto, ya tsaya a bakin ramin cikin katifarsa, riƙe da igiya, ya haɗe gira. Auta ta ce ɗaya ƙarshen a jikin shebur yake. Yana faɗa wa 'yan kasuwa wai shi ya duba wurin ya ga bai yi masa ba, ya hana iyalinsa shiga, don shi ba ya wasa da amana. Har ana ce masa sannu da ƙoƙari. Jiya a kwale-kwalen abra wani ya tare ni yana yaba masa, na ce ina jin tashin zuciya ne, ya matsa.

Har gobe ban ga abin da zai sa mai hankali ya bar ƙasa mai ɗumi ya je ya cusa kansa a rami ba. Wannan ban canza ba. Amma ta kunna mana saƙonki ni da Suwaiba, muryarki ta cika falon, kina ta maimaita na janye, na janye. Da ya ƙare na ce mata, "Da saƙon nan bai zo ba fa, har abada?"

Ta ce, "Da ban shiga ba har abada."

Haka ta faɗe shi, kamar mai faɗin yau Talata.

Ba ta yi fushi da ke ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kanki ba, na kuma ba ta hanya har sau nawa. Da ta tashi tafiya sai ta tambaye ni irin turaren da kike so, wai azumi ya zo, Umma na son ƙamshi in za ta tarawihi. Ta tsallaka Bur Dubai da kanta ta zaɓo. Ga shi nan ƙunshe da takardar.

Ki shafa, in kina iyawa.

Musbahu